Fim Yana Tafiya Sumul, Gem Yana Tsalle: Laifin Wane Ne?

A wannan wata zan ɗan sauka daga kan labarin lokeshan da na waɗanda suka fito a sabon fim, in taɓo wani abu da na tabbata rabin masu karanta mujallar nan suna fama da shi. Duk matashin da yake kallon finafinanmu a waya, da wuya ka duba wayar ka rasa gem a ciki, ko kuma a ce bai san hanyar gidan gem na unguwarsu ba. Ƙorafin kuma iri ɗaya ne daga Kano har Maraɗi: "Da datar nan fa na kalli shiri mai dogon zango awa guda cur a YouTube, ko tari bai yi ba. Amma ina shiga eFootball sai ɗan wasana ya koma kamar mai ciwon ƙafa, in danna fasin yanzu, shi kuma sai ya ga dama yake bayarwa." Daga nan sai a hau tsine wa kamfanin layi, a sayi data mai tsada, wani ma ya ci bashi ya sayo sabuwar rauta. Matsalar kuwa tana nan daram inda aka bar ta.

To, gaskiyar magana ita ce fim da gem ba abu ɗaya suke nema a wurin intanet ba. Fim an riga an gama shi. Darakta ya ɗauka, edita ya haɗa, an ɗora, yana can a ajiye. Don haka wayarka tana iya yin gaba ta sauko da abin da ba ka kai ga kallo ba tukuna. Ku lura da layin nan mai ruwan toka da yake gaban jan layi a YouTube, shi ne tanadin da wayar ta yi maka. Kamar randa ce: ko famfo ya ɗauke na ɗan lokaci, kana ci gaba da sha daga abin da ka tara. Sabis zai iya yankewa na sakan biyar, kai ba ka ma sani ba, jarumi yana nan yana ta zuba kalamai.

Gem ɗin da ake bugawa da wani ta intanet ba shi da randa. Ba yadda za a yi wayarka ta tanadi abin da zai faru nan da sakan goma, domin abokin karawarka bai ma yanke shawarar ko zai buga hagu ko dama ba. Duk dannawar da ka yi sai ta tafi can wurin babbar kwamfutar da ke alƙalancin wasan, wato saba, ko kuma wurin na'urar abokin karawar taka, sannan amsa ta dawo. Lokacin da wannan kai da komo yake ci shi ne 'yan gem suke kira ping, kuma ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu zai gane bambancin nan da wuri. Tiyo yana da faɗi, yana kuma da tsawo. Faɗinsa shi ke nuna yawan ruwan da zai iya wucewa a lokaci guda, shi ne megabit ɗin nan da kamfanoni suke talla da shi. Tsawonsa kuma shi ke nuna tsawon jiran da za ka yi daga buɗe famfo zuwa fitowar ruwa a bakin tiyon. Fim faɗi yake so. Kamfanin Netflix da kansa ya ce kallo mai kyan hoto yana iya cin har gigabait 3 a awa ɗaya. Shi kuwa gem, saƙonnin da yake aikawa lokacin wasa 'yan mitsi-mitsi ne: wane yana nan, ƙwallo tana can, an danna kaza. Ba ya buƙatar tiyo mai faɗi, gajere yake nema. In ka ƙara kuɗi ka sayi data mai yawa don maganin jinkiri, ka sayo tiyo mai faɗi ne alhali tsawon bai ragu da ko taku ɗaya ba. Abin da yake cinye data a harkar gem shi ne sauke gem ɗin da sabunta shi, wannan kam gigabait ne masu yawa, amma wasan kansa ba ya ci.

Yanzu bari mu yi lissafin tsawon tiyon namu, don a nan ne abin yake da daɗi. Saƙo yana tafiya ne a matsayin haske a cikin wayar faiba, kuma haske a cikin gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Ka ji kamar ba abin da zai tsaya masa, ko? To, mu ɗauka kana Kano, sabar kuma tana Jamus. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Daga Legas saƙon zai shiga teku. Kebul ɗin MainOne da aka ƙaddamar a 2010, wanda ya haɗa Legas da Fotugal, tsawonsa kusan kilomita 7,000 ne. Daga Fotugal zuwa Jamus ka ƙara wajen 2,000. Ka ga an tashi kusan 10,000 a zuwa kaɗai, da dawowa 20,000. Raba da gudun hasken, za ka samu milisakan 100. Wannan fa in komai ya tafi daidai kenan, babu cunkoso, babu tsayawa a ko'ina. Ba wani kamfanin layi, komai kuɗinsa, da zai iya sa haske ya ƙara gudu.

Wani zai ce milisakan 100 ai ba komai ba ne, ƙiftawar ido ce. Tambayi editocinmu. Fim ɗin sinima hoto 24 yake nunawa a sakan, kuma in murya ta saɓa da motsin leɓe da hoto biyu ko uku kacal, musamman a wurin waƙa, nan da nan mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba. Gem ɗin ƙwallo kuwa yawanci hoto 60 yake nunawa a sakan. Kenan milisakan 100 hoto shida ne cif. Hoto shida sun isa a ƙwace maka ƙwallo kana kallo. Shi ya sa wanda ke zaune kusa da saba yake zama kamar aljani a wasa, kai kuma ka dinga rantsuwa wai yana maguɗi. Sau da yawa ba maguɗi ba ne, gidansu ne ya fi kusa. Wasu kamfanonin gem sun fara matso da sabobinsu cikin Afirka, amma da yawa har yanzu sai an je Turai, ko Gabas ta Tsakiya, ko Afirka ta Kudu.

Wanda yake shakkar cewa ta teku muke bi, ya tuna ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan kebul huɗu, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala a ƙarƙashin teku a wajen gaɓar Kodebuwa. Intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabta, har harkar banki sai da ta taɓu.

Manyanmu da suka yi zamanin PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, ba su san wannan ciwon kai ba. Hannu biyu ne a jikin na'ura ɗaya, Winning Eleven a talabijin ɗaya, wanda aka ci an ci shi, sai dai ya ce hannunsa ne ya lalace. Da a ce sun gwada bugawa ta intanet ɗin gidajen kafe na wancan lokaci ma da sun sha mamaki, domin yawancinsu da tauraron ɗan Adam mai nisan kusan kilomita 36,000 suke aiki, jinkirin yana kai milisakan 600. Yau sunayen ma sun canja: kamfanin Konami ya mayar da PES zuwa eFootball a 2021, FIFA kuma ta koma EA Sports FC a 2023. Wasan ya koma intanet, ciwon kan ya biyo shi.

To shi kenan sai mu haƙura? A'a. Nisan teku ne ba ka da iko a kansa. Amma a mafi yawan ƙorafin da nake ji, abin da ya fi ɓata wasa a cikin gida yake, ko a cikin shagon. Jinkiri na milisakan 120 da ya tsaya wuri ɗaya, hannu yana sabawa da shi, ka koyi danna fasin da ɗan wuri. Abin da ke haukata mutum shi ne rawa: yanzu 120, anjima 400, sai ya dawo 130. Ita wannan rawar galibi ba daga teku take zuwa ba.

Ga hanyar ganewa, kuma ko sisi ba za ka kashe ba. Samu kwamfuta da ke kan Wi-Fi ɗaya da na'urar gem ɗin, ka buɗe baƙin allon nan na cmd, ka rubuta ping, ka bar fili, ka sa adireshin rautarka, ka ƙara -t a ƙarshe don ya ci gaba da aunawa. Adireshin yana rubuce a jikin rautar, yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, ƙananan MiFi da yawa kuma 192.168.8.1. Wannan awon tsakaninka da rautar ne kawai, bai ko fita ƙofar gida ba, don haka bai kamata ya wuce 'yan milisakan kaɗan ba. In ka ga yana tsalle zuwa 100 ko 200, ko wasu layukan suna dawowa ba amsa, to ka bar kamfanin layi ya huta, ɓarawon yana cikin gida. In kuwa nan lafiya lau, sai ka auna 8.8.8.8, adireshin Google ne, ka ga yadda hanyar waje take. Ka gwada da safe, ka kuma gwada bayan Isha'i. Za ka ga bambanci, domin ƙarfen sabis na unguwa raba shi ake yi, kuma da daddare kowa yana kai, ciki har da masu kallon finafinan namu.

Babban ɓarawon cikin gida shi ne Wi-Fi ɗin kansa. Tashar 2.4 GHz da yawancin na'urori suke hawa ta cika maƙil, hanyoyi uku ne kacal a cikinta da ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11, ga na maƙwabta, ga Bluetooth, duk a wuri ɗaya. In rautarka tana da 5 GHz, koma can, amma ka zauna kusa, don ba ta jure bango kamar ta farko. Kuma don Allah a daina ɓoye rauta a bayan talabijin ko cikin durowa saboda yara. A ɗaga ta sama, a fili. Maganin da ya fi kowanne dai shi ne waya. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da ya gaji ba, kuma kuɗinsa bai kai na datar wata ɗaya ba in gajere ne. Ni dai har yau ina mamakin mai gidan gem da zai zuba kuɗi ya sayi PlayStation 5 har uku, ya sa kujeru masu taushi, amma ya bar su duka a kan Wi-Fi alhali kowacce tana da ramin kebul a bayanta.

Ɓarawo na biyu ɗan uwanka ne. Kana tsakiyar wasa, ƙanwarka ta ɗora bidiyon biki a WhatsApp, ko wata waya ta fara sabunta manhajojinta ita kaɗai. Rauta tana jera saƙonni ne a layi, sai ɗan ƙaramin saƙon gem ɗinka ya tsaya a bayan katon bidiyo, kamar mai babur da ya maƙale a bayan tirela a ƙaramar hanya. Ɗora abu ya fi saukewa yin wannan ɓarna, domin hanyar fita ta fi ƙunci. Wasu rautocin suna da wurin da ake ba wata na'ura fifiko, a duba inda aka rubuta QoS. In babu, sai lallashi.

Akwai kuma masu cewa su wasan ma ba ya haɗuwa, sun gayyaci aboki ya ƙi shiga, ko muryar hira ta ƙi fita. Ku je wurin gwajin intanet a PlayStation ɗin, ku duba inda aka rubuta NAT. In kun ga lamba 3, ga dalilin. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, kusan biliyan 4.3 ne gaba ɗaya, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare tun Fabrairun 2011. Saboda haka kamfanonin layin waya suke tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ɗaki hamsin da lambar ƙofa ɗaya. Kai za ka iya fita ka nemi mutum, amma in wani ya zo nemanka daga waje, bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. In ku biyun duk a irin wannan gidan haya kuke, sai haɗuwa ta yi wuya. Za ku ga bidiyoyi suna koyar da buɗe ƙofofi a rauta. Wannan yana aiki ne in ƙofar a hannunka take, amma a layin waya babbar ƙofar tana can wurin kamfani. Abin yi shi ne a bar mai lamba 2 ya buɗe wasan ya gayyaci saura, ko kuma mai shago ya tambayi masu ba shi intanet ko suna ba da adireshi na kansa, wanda yawanci sai an ƙara kuɗi.

Sai abubuwan da nake roƙon ku daina jefa kuɗi da lokaci a kansu. Manhajojin nan masu alƙawarin ƙara wa gem gudu da dannawa ɗaya, yawanci talla kawai suke nuna maka. VPN kuwa zagaye yake ƙara wa saƙonka, sai a ɗan wani yanayi da hanyar kamfaninka ta asali ta zama karkatacciya ne yake taimakawa. Canja DNS ba ya rage jinkirin cikin wasa, aikinsa nemo adireshi ne kafin a fara. Fasahar 5G da ta shigo Nijeriya a 2022 tana rage jinkiri tsakanin wayarka da ƙarfen sabis, Starlink da ta fara aiki a ƙasar a Janairun 2023 kuma taurarinta kusan kilomita 550 kawai suke daga ƙasa, duka biyun ci gaba ne na gaske. Amma in sabar tana Turai, tana Turai.

Kada kuma a ɗora wa intanet laifin zafi. Kamfanin Sony ya rubuta cewa PlayStation 5 tana aiki ne tsakanin digiri 5 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu ana wuce 40 a Kano da Sakkwato, ga shago mai rufin kwano, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan iska. In gem yana sarƙewa ko na'ura tana mutuwa ko da ba a kan intanet kake ba, fanka da goge ƙura take nema. Waya ma haka, in ta yi zafi da kanta take rage gudu, musamman in kana wasa tana caji.

Abin da ya sa na ja maganar nan da tsawo shi ne, duk wanda ya bi ni har nan, ya riga ya taka matakin farko na wata sana'a ba tare da ya sani ba. Auna jinkiri, gane adireshi, gano ko matsala a ciki take ko a waje, wannan shi ne aikin yau da kullum na masu haɗa kwamfutoci a banki da makaranta da asibiti. Ko a harkarmu ta fim ana buƙatarsu. Ɗakin tace fim mai kwamfuta uku, maimakon a dinga yawo da filash daga wannan tebur zuwa wancan, ƙaramin suwic da kebul mai gudun gigabit suna iya kwashe gigabait 100 a cikin kusan minti 15. Iyayen da suke ganin gem zaman banza ne suna da hujjarsu in yaro ya bar karatu, ko in caca ta shigo ciki, wannan ba na musu. Amma yaron da ya iya gyara intanet ɗin gidan gem, gobe shi za a kira ofis.

Mai son farawa ba sai ya sayi rauta ko ɗaya ba. Akwai manhajar Packet Tracer ta kamfanin Cisco, kyauta ce ga wanda ya yi rajista a Cisco Networking Academy, a cikinta za ka jera rautoci da kwamfutoci a allo, ka haɗa su, ka lalata, ka gyara. Mai son takardar shaida kuma jarrabawar CCNA ce, wadda tun 2020 aka haɗe ta ta zama guda ɗaya mai lamba 200-301. Ka kuma sayi filayar matse kan kebul, ka koyi jera wayoyin nan takwas bisa tsari, don ita ce sana'ar da za ta fara kawo maka na kati.

Inda yawancin masu koyo suke gudu shi ne wurin rarraba adireshi, alhali ba dodo ba ne. Adireshi kamar 192.168.1.0/24 gurabe 32 ne na sifili da ɗaya. Lambar 24 ɗin nan tana nufin gurabe 24 na farko sunan unguwa ne, 8 da suka rage kuma lambobin gidaje. Ninka 2 sau takwas, ka samu 256. Cire na farko, don shi ne sunan unguwar kanta, cire na ƙarshe, don na mai shela ne da ke yi wa kowa magana a lokaci guda. Saura gida 254. Shi kenan fa.

Ga aikin gida: in mai gidan gem ya ce a yanka masa 192.168.1.0/26, na'ura nawa za ta samu adireshi a ciki? Ku aiko da amsa tare da sunan garinku, zan kawo waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.